Wake da Banda, Banda Alade

Yanzu na zo kan shekarar da aka haifi Sa'adatu, kuma ina so ku aje abin da kuke yi ku karanta wannan da natsuwa, don nan ne maganar da ake yi maku gori da ita tun kuna ƙanana ta samo asali. Na san an sha tsokanarku a makaranta da bakin rijiya cewa uwarku ta ci alade. Na san kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata cikinku, ita kuwa ko kusa ba ku isa ku tunkare ta da zancen ba. To ga yadda aka yi. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, shi ma rabinsa gyangyaɗi na sha.

Muna zaune Kaikai a lokacin, gidanmu na gado, da ni da uwarku Kulu da mahaifiyata Inna da ku manyan. Damina ta yi mana rowa a shekarar. Gero ya tsaya iyakar gwiwa yana kallonmu, dawa kuwa ba a zancenta. Wake kaɗai ya ji kunyarmu ya yi albarka, har muka rasa inda za mu zuba shi. Da rani ya shigo sai na samu aikin lebura wurin masu gyaran hanya a Kankia. Aikina in tsaya da jan ƙyalle a hannu in tsaida motoci har manyan injuna su gitta. Ni da ko akuyar gidanmu ba ta tsayawa in na ce ta tsaya, sai ga tireloli suna cin burki saboda ni. Ban taɓa yin aikin da ya dace da ni kamar wannan ba.

Haihuwar Sa'adatu ta zo da gardama, uwarku ta zubar da jini mai yawa. An yi suna, an dafa ƙauri, 'yan barka suka cinye rabinsa suna yi mata sannu. Inna ta tsaya kan wankan jego safe da yamma, ruwan zafi da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa kofi bayan kofi, duk yadda aka gada. Amma maimakon Kulu ta murmure sai ta yi ta zubewa. Tafin hannunta ya yi fari fat, leɓenta ya koma kamar toka, in ta miƙe sai ta dafa bango. Ƙafafu suka fara kumbura. Nono ya ja baya, jaririya ta yi ta tsotso tana saki tana kuka, har kukan ya zama siriri irin wanda ba ka son ji. Na ɗauki Kulu a bayan mashin ɗin maƙwabci zuwa asibiti a Kankia, na ɗaure ta a jikina da zane don kar ta zame a hanya. Wata nas ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, sannan ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya bar jaki ya ci shuka.

"Malam, matarka ba ta da jini," ta ce. "Ga ƙwayoyi, amma ƙwaya ba ta aiki a cikin da ba komi. Me take ci?"

"Kunu, ranki ya daɗe. Da tuwo in ta iya."

"Kunun kanwa ba jini ba ne. A ba ta wake, a ba ta nama, a ba ta zogale, kullum. In ka dawo mani da ita haka, ban san abin da zan ce maka ba."

Ni kuwa na san abin da take nufi. Wake dai ga shi har rufin ɗaki, amma Inna ta ce maijego ba ta cin wake, yana kumbura cikin jariri. Da na matsa aka dafa, Kulu ta ji warinsa ta kau da kai, ko loma ba ta kai baki ba. Nama kuwa sai ranar kasuwa, ba ya kwana biyu bai lalace ba, aljihuna kuma kun san tarihinsa.

A wurin aikin nan akwai direban gireda, injin nan mai baje ƙasa, Bitrus, mutumin Filato, Kirista. Ƙato ne, in yana dariya har sitiyari girgiza yake. Hausarsa irin ta can ce, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba: mota ya zo, matana ya tafi kasuwa. Ni kuma da bakina ba ya zama lafiya kullum sai na kwaikwaye shi, shi kuma ya kira ni Gwamnan Ƙyalle. Da rana yakan koma can ƙarƙashin wata tsamiya nesa da mu, ya ɗora 'yar tukunyarsa. Ƙamshin da ke tasowa daga tukunyar nan, Allah ya yafe mani, ya sha raba ni da hankalina. Ranar da na fara matsawa ina leƙe sai ya rufe ta da sauri.

"Wannan ba naka ba ne, Tanimu. Wake ne da alade."

Na ja da baya ina a'uziyya. Hancina ne dai bai ja ba. Bai taɓa ɓoye abin da yake ci ba, bai kuma taɓa bari cokalinsa ya haɗu da namu ba, shi ya sa ba wanda ya ƙyamace shi.

Bayan dawowarmu daga asibiti ina tsaye kan hanya, jikina na Kankia, hankalina na Kaikai, sai na saki wata motar itace ta nufo gireda gadan-gadan. Allah ya tsare, direban motar ya kauce ya zazzage ni tas har kakannina. Bitrus ya kashe inji ya sauko. Na ɗauka marina zai yi, sai ya ja ni gefe ya tambayi abin da ke damuna. Na faɗa mashi duka. Sai ya ba ni labarin garinsu. Ya ce can kan duwatsu in an gama girbi sukan yanka alade, a yanyanka, a rataye bisa murhu hayaƙi ya yi ta bugunsa har ya bushe ya yi baƙi. Daga nan sai a riƙa gutsura kaɗan-kaɗan ana jefawa cikin tukunyar wake. Shi ake dafa wa 'yan gayya ranar noma, shi ake ba macen da ta haihu. Ya ce uwarsa da shi ta yi jegonsu duka, kuma har lokacin tana hawa dutse da itace a ka.

"Amma ba alade ne magani ba," ya ce. "Wake ne yana yin aikin. Nama yana taimaka masa. Hayaƙi kuma shi ne yana buɗe bakin mara lafiya. Ɗan kaɗan ya isa tukunya, kuma ba ya ruɓa."

Bayan kasuwar Kankia ta ci da 'yan kwanaki sai ya miƙo mani ƙunshi cikin takardar siminti. Na buɗe, banda ce baƙa wuluk, ƙamshinta har maƙogwaro. Ya ga yadda nake jujjuya ta.

"Akuya ne. Wurin mahaucinku na saya, shi ya yanka da bismillansa. Raga sabo na saya na gasa, bai taɓa nawa ba. Ka kai wa matanka."

Ya koya mani dahuwar: a jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, kar a sa kanwa, a bar shi kan wuta ya dahu don kansa har ya fara narkewa. A soya albasa da manja da daddawa da ɗan attaruhu, a yayyaga bandar a zuba, sai an kusa saukewa a watsa ganyen zogale. Na kai gida na ce abokin aikina ne ya ba ni. Ba wanda ya tambayi sunansa. Inna ta dafa tana ƙunƙuni, tana cewa yau ga ɗan da ta haifa yana koya mata tukunya. Kulu ta ji ƙamshi ta ɗago kai. Ranar ta ci cokali kaɗan, washegari ta ci rabin kwano. Kafin bandar ta yi rabi Kulu ta fara fitowa tsakar gida da ƙafarta, leɓenta ya fara ja, nono ya kawo, kukan Sa'adatu ya koma na mai ƙarfi har maƙwabta na ƙorafi. Cikin jaririya bai kumbura ba, Inna kuma ta daina ƙunƙuni ta fara ɗiban nata a gefe.

Ana haka sai kawunku Malam Iro, yayan Kulu, ya zo duba ta daga Kusada. Tela ne, mutumin kirki, mai tsoron Allah, amma irin mai tsoron da ba ya barin kowa ya huta. Ya cinye kwano guda, aka ƙara mashi, ya suɗe hannu, sannan ya tambayi inda aka samo nama mai daɗi haka. Na ce Bitrus direban gireda. Ya maimaita sunan a hankali kamar ya tauna tsakuwa. Ya miƙe ya yi sallama. Washegari ya hau kekensa har wurin aikinmu, ina can ɗaya ƙarshen hanya da ƙyallena ban sani ba. Ya tsaya gindin gireda, inji na ruri, ya ɗaga murya ya tambayi Bitrus wane irin nama ya ba surukinsa. Bitrus ya leƙo daga sama ya amsa da fara'a.

"Nama mai kyau ne, Malam. Banda alade."

Ku karanta wannan amsar sau biyu, don rayuwar uwarku ta kusa tafiya a cikinta. Bitrus na nufin ban da alade, wato babu alade ciki. Malam Iro kuwa ya san mutanen can suna haɗiye ƙarshen kalma, inda mu za mu ce bandar kifi su sai su ce banda kifi. Abin da ya shiga kunnensa shi ne bandar alade. Bai sake tambaya ba. Ya juya keke sai Kaikai, kuma bai jira ya shiga gida ba, tun daga ƙofa ya fara salati da ƙarfi, mata na leƙe ta kan danga.

Da na dawo da la'asar na tarar da tukunyar wake a fashe bayan gida, kaji na tsattsaga. Inna na durƙushe tana dirje kwanoni da ƙasa da toka, ba ta ɗago ta amsa sallamata ba. Kulu na ɗaki, ta yi amai har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Malam Iro na zaure yana jirana.

"Tanimu, wasanka ya kai ka ciyar da ƙanwata haram? Har da ni?"

"Wane haram, Yaya?"

"Da kunnena na ji. Shi da kansa ya faɗa, yana dariya."

Na rantse, na faɗi zancen mahauci da sabuwar raga. Ya ce na gani da idona? Na ce a'a. Ya ce to. Kuma gaskiya wannan "to" ɗin ta tsaya mani a ƙirji, don ban gani ba ɗin.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi munin kwanakin da na yi a duniya. Kulu ta juya fuska ga bango. Ba wake, ba nama, ko tuwo in daga hannuna ya fito ba ta karɓa. Ɗan kunu kawai take kurɓa, shi ma sai Inna ta haɗa ta da Allah. Ta ce jinin da ya dawo jikinta na ƙazanta ne, nonon da take ba ɗiyarta ma haka, har sai da Inna ta riƙa ɗora mata jaririyar da ƙarfi. Liman ya aiko cewa ko da gaske ne, wanda ya ci bai sani ba ba shi da laifi wurin Allah. Ta ce ta ji. Ba ta ci ba. Ina kallo farin nan ya dawo tafin hannunta, ƙafafu suka sake tashi, kukan Sa'adatu ya sake sirancewa. Kullum da safe kafin in fita sai in tsaya bakin ƙofarta in saurara ko tana numfashi. A kasuwa kuwa mutane sun samu abin yi, in na gitta sai wani ya yi gurnanin alade ƙasa-ƙasa. Ni da na saba tsokanar gari, ranar nan na san yadda abin yake.

Na je na samu Bitrus da fushi a bakina da kunya a cikina, na tambaye shi abin da ya faɗa wa Malam Iro. Ya maimaita mani. Ni ma da farko bandar alade na ji, sai da ya sake faɗa yana kaɗa hannu alamar babu, sannan na gane. Na zauna ƙasa dirshan kan tsakuwa. Da ba rai ne a tsakani ba da na yi dariyar da ban taɓa yi ba. Shi bai ga abin dariya ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya biyo ni har Kaikai, aka aika Kusada aka kira Malam Iro, muka zauna a zaure, Inna na tsaye daga ciki bayan asabari.

"Faɗa masu abin da ka ba ni," na ce.

"Na riga na faɗa wa Malam. Nama ne, banda alade."

"Kun ji ko," in ji Malam Iro, ya fara laluben takalmansa. "A gabanku ya sake faɗa."

Ina ta "tsaya, Yaya, tsaya" ba ya saurarena. Sai muryar Inna ta fito daga bayan asabari.

"Ɗan nan, bar mani wannan bandar taku. Akwai alade cikin naman nan ko babu?"

"Babu, Mama. Ko kaɗan. Akuya ne. Shi ne na ce ban da shi. Kamar shayi ban da sukari."

Malam Iro ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"To ai da sai ka ce babu," ya ce can ƙasa.

"Ina na san Hausana zai kashe mutum?" in ji Bitrus.

Malam Iro ya ba shi haƙuri, daga baya ma ya je da kansa wurin mahaucin, shi kuma ya tabbatar mashi da cinyar akuyar da ya saida wa direban gireda. Amma da na raka Bitrus bakin hanya ya tsaya ya dube ni, ba dariya a fuskarsa.

"Tanimu, ba zan sake ba ka komi ba. Ba fushi ba ne. Tsoro nake ji."

Kuma bai sake ba. Muna gaisawa, amma sunan Gwamnan Ƙyalle ya mutu daga ranar. Da aikin hanya ya yi gaba ya tafi da giredarsa, ban ƙara jin labarinsa ba. Gyaran zancen kuwa bai yi tafiyar da zancen ya yi ba, shi ya sa ya iso har kunnuwanku.

Na shiga ɗaki da murna na zayyana wa Kulu komi, har ina kwaikwayon yayanta da takalmi a hannu ko za ta yi murmushi. Ta saurara har na gama.

"Na ji, Malam," ta ce. "Kaina ya yarda. Cikina ne bai yarda ba. Da na tuna ƙamshin nan sai zuciyata ta tashi."

A nan ne na ji tsoro na gaske, don na ɗauka gaskiya kaɗai za ta isa. Na fito tsakar gida na tsaya, idona ya faɗa kan ragon da nake kiwo don layya. Tun yana ɗan ƙarami nake ba shi dusa da harawa, na cika gari da cewa bana ragon Tanimu sai an zo kallo. Shi ne kaɗai dabbar da ta rage mana bayan suna. Na je wurin shugaban leburori na roƙi hutu, ya ce ƙyalle ba ya jiran kowa, in na tafi kar in dawo. Na miƙa mashi ƙyallensa.

Na sa aka fito da Kulu kan tabarma a inuwar ɗakinta, aka jingina ta da filo. Na jawo ragon gabanta. Malam Iro na ba wuƙa, na ce shi zai yanka da hannunsa, ya ɗaga murya da bismilla yadda ƙanwarsa za ta ji. Ya yi, har ya wuce yadda na nema. Na feɗe a gabanta, na yanyanka a gabanta. Na haƙa murhu a tsakiyar gida, na ɗora sabuwar raga da takardar shago ba a ko ɓare mata ba, na hura itacen marke na bar hayaƙi ya yi aikinsa. Ban bar naman ya shiga ɗaki ko ya fita daga idonta ba. Na sayo sabuwar tukunya. Ni na jiƙa waken, ni na yanka albasa ina hawaye, ni na tsuguna ina fifita wuta, Inna na zaune tana ba da umarni kamar mai unguwa. Maza suka ji labari Tanimu ya bar aiki ya koma girki, aka samu sabon abin dariya. Layyar shekarar kuwa a gidan maƙwabta muka ga nama.

Tukunyar farko ba ta ko kalle ta ba. Na zauna kusa da ita na ci ina tanɗe baki ina santi, ta ja mayafi ta rufe hanci. Ta biyu ma haka, ku kuka cinye. Ƙafafunta sun kai yadda in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Inna ta ja ni gefe ta ce in fara neman mashin, kuma in aika wa danginta. Na ce a bar ni in ɗora ɗaya tukuna.

Na dafa ta ukun da hantsi. Na zuba a ƙaramin kwano na aje gefen tabarmarta, ban ce ci ba, don na gaji da jin a'a. Na koma bakin murhu na juya mata baya ina tura itace cikin wutar da ba ta buƙatar itace. Sa'adatu na ɗan ƙugi a bayan Inna. Can na ji ƙarar cokali ya taɓa kwano. Ban juya ba. Na ji ya sake taɓawa. Inna ta daina jijjiga jaririya, ni kuwa na riƙe numfashi ina jiran ƙarar amai.

"Malam," in ji Kulu, muryar da ƙyar take fita.

"Na'am."

"Wa ya koya maka girki ba gishiri? Miƙo mani."